Gyaran Inci Takwas

Duk Rusholme babu wanda bai san Ashafa tela ba. Wanda bai san fuskarsa ba ya taɓa jiyo muryarsa daga cikin bas. Shagonsa na bayan Wilmslow Road, tsakanin Iddi mai nama da garejin Dalyop, kuma shekara goma sha ɗaya yana ɗinki a wurin bai taɓa yi wa mutum riga daidai awonsa ba. Sai ya ƙara. Ka ce hannu inci ashirin da uku, ya yi maka ashirin da biyar. Ka yi magana, ya dube ka kamar ka zagi kakarsa.

"Gyara na yi maka. A kasuwar Kumasi ko tumatir ka saya sai an ɗora maka biyu a kai. Ni ne zan miƙa maka riga tsurarta kamar Bature?"

Shi ya sa rabin 'yan Gana na Manchester ke zuwa sallar Idi suna naɗe hannun riga.

To, a ƙarshen 2008 abu biyu suka faɗo wa Ashafa a sati ɗaya.

Na farko, Hajiya Zinatu, yayar matarsa Azara, ta aiko daga Birmingham da farin leshi yadi shida. Za ta aurar da 'yarta Sumaiya Asabar ɗin farko ta Fabrairu. Leshin daga Dubai aka zo da shi, babu irinsa a Ingila, in ya lalace ya lalace ke nan. Amaryar da kanta ta bugo waya.

"Uncle, fifty-six inches. Daga kafaɗa zuwa ƙasa. Please, no gyara."

Kafin ya buɗe baki uwar ta karɓe wayar.

"Ashafa, ka ji ta ko? Duk ankon matan Balsall Heath ni nake turo maka. Rigar nan ta sami matsala, ko ɗankwali ba za ka sake ɗinka wa wata mace a Birmingham ba. Da bakina zan bi su gida gida."

"Haba Yaya, no problem."

Ya ajiye waya, ya ɗauki alli, ya zana sittin da huɗu. Amarya guda, a ce ba gyara? Ai sai a ce ba a sonta.

Na biyu, wani tsohon Bature daga Salford da ke kawo masa wanduna ya ce zai koma ƙaramin flat, kuma akwai wani abu a garejinsa da matarsa ta rantse ba zai bi su ba. Babur ne na hawa duwatsu a kan dusar ƙanƙara, ya zo da shi daga Kanada tun yana aiki can. Ba shi da taya ko ɗaya. A gaba wasu dogayen takalma ne guda biyu masu sulɓi, a baya kuma faffaɗan bel na roba mai haƙora, irin na katafila. Kyauta ya ba shi. Mai hankali, in Bature ya ba shi inji kyauta har yana taya shi turawa cikin mota yana murmushi, zai ɗan tsaya ya yi tunani. Ashafa bai tsaya ba.

Azara ta sauko daga bene ta tarar da abin a bayan shago.

"Baban Ubaida, wannan gawar mene ne?"

"Babur ɗin dutse ne. Da shi manya ke hawa dutsen ƙanƙara."

Ta leƙa titi, ta dubi hagu, ta dubi dama. Bas uku a jere da shagon kebab.

"Ina dutsen?"

"Ki bari ƙanƙarar ta zo tukuna."

"Ita za ta zo da dutsen?"

Bai kula ta ba. Kafin la'asar duk layin sun ji cewa shi Ashafa ya taɓa tuƙa babur daga Kumasi zuwa Tamale ba birki, to wannan da ko taya ba shi da ita wasan yara ne. Ranar da ƙanƙara ta rufe garin nan, bas ya tsaya, tasi ya tsaya, jirgi ya tsaya, mutum ɗaya za a gani yana tafiya a duk Ingila. Har council sai ta neme shi.

Dalyop makanike, mutumin Jos, ya zo ya kwanta a ƙasa ya leƙa, ya ja igiyar tayar da inji, ya saurara.

"Oga Tela, injin na da rai. Bel ɗin ne ɓeraye suka yi Kirsimeti da shi. Sai ka yi order sabo." Ya rubuta a bayan katin shago. "Inci ɗari da hamsin da ɗaya. Ga shi na rubuta babba. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Ashafa ya sayi katin waya ya kira mai sayar da kayan a Kanada. Aka yi ciniki lafiya har zuwa ƙarshe, sannan ya gyara murya.

"Now add small."

Mutumin bai gane ba.

"Add small for me, I am your customer."

Suka yi ta zagaye har katin ya fara kuka. Daga ƙarshe Baturen, don ya rabu da shi, ya ce akwai wani mai inci ɗari da hamsin da tara da ya daɗe a sito, in yana so farashinsu ɗaya. Ashafa ya fito titi kamar wanda aka ba kujerar Makka.

"Iddi, fito ka ji. Na karɓi gyara a hannun Bature. Inci takwas."

Iddi ya goge hannu a gaban riga. "Ma sha Allah. Ni ma jiya na sayi takalmi, da na sani na ce su ƙara mini lamba uku."

Da bel ɗin ya iso aka ɗora, sai ya zube ƙasa yana reto kamar wandon aro. Dalyop ya dubi bel, ya dubi katin da ya rubuta.

"Oga Tela, ɗari da hamsin da ɗaya na ce."

"Ai akwai ɗari da hamsin da ɗayanka a ciki."

Dalyop ya zauna a kan tsohuwar taya. Ya yi bayani a hankali kamar mai koyar da Sunday school. Dogon bel na masu shiga dusa mai zurfi ne, wadda ke shanye mutum har ƙirji, yana sa babur ya yi yawo a samanta. Amma in ka ƙara bel, dole ka ƙara ƙarfen da yake zagayawa a kai. Kuma ya fi nauyi, don haka dole a rage giyar sama, a sa ƙarama, inji ya sami ƙarfin jan sa.

"A rage?"

"A rage."

"A gidana ba a ragewa. Sa babba."

Sai aka zo kan sifirin na kuloci. Dalyop ya buɗe littafin kaya, ga su nan jere, kowanne da launinsa, launin ne ke nuna taurinsa. Ashafa ya shiga shago ya fito da ƙyallen ankon biki, ya kara a jikin shafin.

"Wannan mai ruwan goro. Ya shiga da anko."

"Wannan shi ya fi duka tauri. Babur ba zai motsa ba sai inji ya kai maƙura, sannan ya yi tsalle."

Duk cikin maganar nan "tsalle" kaɗai Ashafa ya ji, kuma ta yi masa daɗi.

Dalyop ya sa babbar giya, ya sa sifirin mai ruwan goro. Da matarsa ta tambaye shi don me, ya ce shekararsa ashirin yana makanikanci, shi ma yana da haƙƙin ya ga wani abu.

Saura ƙarfen ƙarin tsawo. Kanada suka ce sati uku. Mai hasashen yanayi a talabijin ya ce ƙanƙara ranar Litinin, irin wadda aka yi shekaru ba a gani ba. Ashafa ya tsaya yana kallon bel ɗin nan, tef a wuya, sai wani tunani ya zo masa, kuma da ma bai zo ba. Abu ya yi tsawo, kuma shi tela ne. To me ake jira?

Safiyar Lahadi, Dalyop na coci, ya ɗauko zarto ya yanke bel ɗin gida ɗaya. Ya ɗora baki kan baki, ya huda da ƙusa mai zafi, ya bi da basilla da zaren kamun kifi. Da Dalyop ya dawo cikin kwat ɗinsa, Littafi a hammata, ya tsaya a kan bel ɗin yana dubawa.

"Ka ɗinke shi."

"Dubi layin. Ko ɗaya ya karkace?"

Dalyop ya sunkuya. "Ɗinkin kam ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ranar Lahadi ba. Ina inci takwas ɗin?"

"Na kalmashe su a ciki. Ba a zubar da gyara. Ko a buƙata nan gaba."

"In babur ɗin ya girma," in ji Azara daga taga.

Litinin ta zo. Talabijin ta nuna London fari fat, bas ko ɗaya babu a titi. Manchester kuwa ɗan yayyafi aka yi mata, kafin azahar motoci sun mai da shi kunu. Ashafa ya wuni a ƙofar shago da hular kwano a ka yana kallon sama. Iddi ya leƙo ya ce in yana so ya shigo da babur ɗin cikin firijin nama, akwai ƙanƙara a bango. Talata haka. Laraba haka. Masu wucewa suka fara ce masa "Direba, yaushe za a tashi?"

Ranar Juma'a Hajiya Zinatu ta bugo.

"Nan Birmingham an rufe mu. Ku taso da sassafe gobe, ban san yadda hanya take ba. Ashafa, rigar nan."

"Yaya, ki ce kowa ya fito ƙofar gida ƙarfe goma. Za ku ga yadda ake kawo rigar amarya."

"Ni a leda ma ka kawo ta, ta iso dai."

Ba sai an ba ku labarin M6 ba, hanya ce. Dalyop na tuƙa van, Azara a tsakiya rungume da jakar rigar, babur a baya, Ashafa na bayanin yadda zai ɗaga wa jama'a hannu ɗaya. Suka shiga Balsall Heath suka tarar council ta watsa gishiri tun asuba, motoci na ta wucewa abinsu. Van ɗin nan zai iya kai su har bakin ƙofa. Amma gidan Hajiya na kallon wani fili ne na wasan yara, filin kuma fari tas, ba a taɓa shi ba.

"Tsaya nan. Ta cikin fili zan bi."

"Oga Tela, dusar nan ba ta fi inci huɗu ba."

"Ta ishe ni. Ni ba mai haɗama ba ne."

Aka sauke babur. Azara na ƙoƙarin saukowa da kular shinkafa da wake a hannu ɗaya, sai ta ji an zare jakar daga ɗayan.

"Ba ni rigar nan. Ka je ka karye kai kaɗai."

"Rigar Sumaiya ba za ta shiga gida a ƙafa ba."

Ya ɗaure jakar a kujerar baya da tef ɗin awonsa. Jakar irin ta kowa ce, an yi ta don rigar da aka ɗinka daidai. Rigar Ashafa kuwa ta fi ta tsawo, don haka bakinta ya leƙo ta ƙasa yana lilo a saitin haƙoran bel. Azara ta gani, ta buɗe baki, amma ya riga ya ja igiya.

Sau tara ya ja. A na goma injin ya tashi da wani shuɗin hayaƙi da ya sa Dalyop ja da baya. Can ƙetaren fili mutane sun fito, mata cikin anko ruwan goro da manyan kwat a sama, maza hannu a aljihu, Hajiya Zinatu a gaba. Ashafa ya hau, babbar riga a kan jaket, hular kwano a ka, hular biki a kan hular kwano.

Ya matsa mai. Injin ya yi ƙara. Babur bai motsa ba.

Ya ƙara. Injin ya koma kururuwa kamar an take wutsiyar karnuka goma. Babur na nan inda yake. Daga ƙetare wata mata ta ɗaga murya.

"Ya taho ne, ko mu ne ba ma gani?"

Ashafa ya matse mai har ƙarshe, ya juyo da kai baya. "Dalyop, ka ga irin aikinka ko? Na ce maka..."

Sifirin mai ruwan goro ya kama.

Ba a ji ƙarshen maganar ba. Hular biki ta tsaya a iska ta faɗo daidai inda yake a da. Babur ya ɗaga gaba ya faɗa fili, kuma duk zagayen da bel zai yi sai kalmasar nan ta daki ƙarfe, gif, gif, gif, kamar ana dakan fufu a gidan suna. Haƙoran da aka yi don dusar dutse suka huda inci huɗun nan suka sami ƙasa, suka shiga watso ciyawa da laka ta baya. Ashafa ya murɗa hagu, babur ya tafi gaba. Ya murɗa dama, babur ya tafi gaba. Ya nemi birki da ƙafa inda birkin babur ɗin Kumasi yake, babu komai a wurin. Wani mutum-mutumin ƙanƙara da aka gina a tsakiyar fili, da karas a hanci, ya zama biyu. Hannu ɗaya da ya yi alkawarin ɗagawa kuwa ya ɗaga shi, sai dai ba gaisuwa yake yi ba.

Mutanen ƙetare suka fara matsawa baya. Hajiya Zinatu ce kaɗai ba ta motsa ba, idonta na kan jakar.

Saura taku ashirin zaren kamun kifi ya ce ya gaji. Aka ji tas, tas, tas, bel ya kwance ya shimfiɗu a kan dusa, dogo, baƙi, a miƙe. Babur ya sauka daga kansa ya ja ciki ya tsaya cak a bakin shinge. Ashafa bai tsaya ba. Ya bi ta saman kan babur, babbar riga a buɗe, ya shige cikin shingen har ƙugu, ƙafafu a waje.

Wani dattijo daga dangin ango ya dubi bel ɗin da ke shimfiɗe.

"Tabarmar salla ya kawo mana?"

Dariyar da aka yi, har Turawan layin sai da suka buɗe tagogi. Maza biyu suka kama ƙafafun suka zaro shi, ganye a baki. Ya tofar, ya miƙe, ya kaɗe riga.

"Na iso ko ban iso ba?"

Hajiya Zinatu ba ta tambaye shi ko ya ji ciwo ba. Ta wuce shi ta kwance tef, ta zuge jakar, ta ɗaga rigar sama. Daga kafaɗa fari tas, ƙirji fari tas, ƙugu fari tas. Ƙasan kuwa kamar akuya ta yi kalaci da shi ta goge baki da baƙin mai. Dariya ta ɗauke.

Sumaiya ta fito bakin ƙofa cikin rigar wanka, hannuwa a sama don lalle.

"Mum? Is that my dress?"

Saura awa uku a tafi hall. Ashafa ya ji sanyin da bai ji ba duk tsawon filin ya shige shi. Ya hango matan Balsall Heath su talatin cikin ankon da ya ɗinka, kowacce ta naɗe hannun riga, kowacce na kallonsa.

"Ashafa," in ji Hajiya Zinatu, a hankali. "Me na ce maka a waya?"

"Yaya, ai iska ce ta..."

"Daga yau ko tsumman goge tukunya..."

"Yaya, tsaya tukuna." Azara ce ta iso tana haki, ta zagayo ta titi da kularta. Ta dire kular a dusa, ta tsinci tef daga ƙasa. "Riƙe mini kafaɗar."

Ta kafa tef a kafaɗa ta ja shi ƙasa har inda farin ya ƙare, baƙin ya fara. Ta duba. Ta sake dubawa.

"Sumaiya, nawa kika ce masa?"

"Fifty-six, Auntie."

"Hamsin da shida da rabi ne a nan, lafiyayye."

Hajiya Zinatu ta juyo. "To abin da injin ya cinye fa, daga ina ya fito? Nawa ka ɗinka?"

Ashafa ya dubi shinge kamar yana son komawa ciki. "Sittin da huɗu."

"Uncle, I said no gyara."

"Wato da ka kawo ta lafiya, da 'yata ta shiga hall tana share ƙasa tana tuntuɓe."

"Da ta yi kwarjini, Yaya."

"Rufe mini baki ka nemo allura."

A falon Hajiya aka yi aikin, mata cike har kan matakala. Amarya ta sa rigar ta hau kan kujera, Ashafa ya durƙusa a gabanta, laka har kunne, hular kwano a gefe. Ya datse baƙin da almakashin kicin, ya kalmashe rabin incin, ya bi da allura. Azara na tsaye a kansa da tef, duk inci biyar sai ta auna. Da ya cije zare, Sumaiya ta sauko ta taka. Bakin rigar ya tsaya daidai saman takalmi. Ta juya gaban madubi ta juyo. Wata tsohuwa ta matso ta shafa.

"Shekara goma sha ɗaya, yau na ga ɗinkin Ashafa ya yi wa mutum daidai."

Hajiya Zinatu ta zagaya 'yarta sau biyu tana neman aibu, ba ta samu ba.

"Anko na nan a hannunka," ta ce. "Amma daga yau in ka gama ɗinki, ka miƙa wa babur ɗin ya duba."

Falo ya sake fashewa. Dalyop na bakin ƙofa da bel a naɗe a kafaɗa yana share hawaye. Ashafa ya bari suka gama. Ya miƙe, gwiwa na ƙara, ya mai da tef wuyansa, ya nuna bakin rigar da allura.

"Ku yi dariyarku. Hamsin da shida aka ce, hamsin da shida da rabi babur ɗin nan ya bari. Wa kuke tsammani ya koya masa?"